Makunnin Girandar Malam Ya'u

Maganar da mutum ya faɗa da bakinsa, alhali ya san ba a ji ta ba, ya faɗe ta ko bai faɗa ba? Malamai biyu na yi wa wannan tambaya, ban gaya wa ko ɗaya dalili ba. Na farko ya ce abin yana ga niyya, ya ci gaba da jan carbinsa. Na biyu ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗanlarai, me ka yi?" Tun ranar na canja hanyar da nake bi zuwa shago.

Shagona yana Ƙofar Dumi, a wani lungu da babur biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya tsaya. Gyaran kayan lantarki nake yi: fanka, dutsen guga, injin huda katako, injin yankan ƙarfe. Ba wanda ya koya mini. A aji biyar na bar makaranta. Abin da na sani a cikin injuna na same shi, da kuma 'yan takardun nan da ke zuwa cikin kwali, waɗanda kowa ke yarwa. Ni nakan tsince su, in zauna da ƙamus ina bin su kalma bayan kalma. Shi ya sa ake ce mini Injiniya. Da farko tsokana ce, daga baya na fara amsawa da gaske.

Akwai wata al'ada a tsakaninmu masu gyara. In makunnin inji ya ƙone, aka nemi irinsa aka rasa, sai a haɗa wayoyin biyu kai tsaye, ta yadda da an jona shi a soket zai tashi, kuma ba ya tsayawa sai an zare. Aikin banza ne, amma ana yi. Sai dai duk wanda ya yi haka dole ya cire maɓallin makunnin gaba ɗaya, ya bar raminsa a fili, ya naɗa jan salatif a wuyan wayar. Wasu jan tsumma suke ɗaurawa. Ba kyan gani, amma kowa ya ɗauki injin ya san ba shi da makashi. Ni kuwa na sha yi wa masu jan salatif dariya a majalisa. Nakan ce wannan ai sanarwa ce mutum yake yi cewa aiki ya fi ƙarfinsa.

Malam Ya'u mai walda ne a unguwar Ɗan Iya, ƙofofin ƙarfe da tagogi yake yi. Wata Talata ya zo da kansa ya dire mini injin yankan ƙarfensa a kan tebur, wanda su masu walda suke kira giranda.

"Injiniya, gobe kafin azahar nake so. Ƙofar wata makaranta ce a wuyana."

Na sunsuna injin na ce, "Makunni ne ya ƙone."

"Ko ma mene ne, kai ka sani."

Makunnin irin mai turawa ne. Ka tura shi gaba ya maƙale, injin ya yi ta gudu ko ka cire hannu. Ka ja shi baya ya mutu. Ni dama ba na son irinsa. Na fi yarda da wanda sai ka matse da tafin hannu, kana saki yana tsayawa. Na ma taɓa karantawa a takardar wani inji cewa akwai waɗanda in an ɗauke wuta aka dawo da ita ba sa tashi da kansu, sai an kashe an sake kunnawa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ne ya ja ni. Duk lungunmu ba wanda ya kai ni sanin abin da makunni yake karewa.

Na zaga kasuwar Wunti rumfa-rumfa har rana ta karkata, ban samu irinsa ba. Wani ya ce sai mako mai zuwa in kayansa sun iso daga Jos. Na dawo shago na haɗa wayoyin kai tsaye. Na ɗauko jan salatif daga aljihun tebur, na riƙe shi ɗan lokaci, na mayar. Sannan na mai da maɓallin mazauninsa, na ɗaure sukurori, na goge jikin injin tas. Kana tura shi yana cewa ƙas, kana ja yana cewa ƙas, amma ba abin da yake riƙe da shi a ciki. Na ce wa kaina ai na mako ɗaya ne. Na ce in na bar ramin a buɗe garin ƙarfe zai shiga ya ɓata injin. Na ce kuma zan gaya musu da bakina. Ba ƙarya ko ɗaya a cikin ukun.

Mutum biyu ke aiki da Malam Ya'u. Habila daga Yelwa yake zuwa kullum a kan tsohon kekensa, shi ke yanka da goge ƙarfe. Hammadu kuma Bafillace ne da shanun gidansu suka ƙare tun yana saurayi, ya shigo gari ya koyi fenti, shi ke shafe ƙofofin in an gama. Shekara goma sha ɗaya suna ci a kwano ɗaya suna zagin juna.

Da hantsin Laraba na same su zaune a inuwa. Ba wuta tun safe, janaretansu kuma a kwance. Injin niƙan maƙwabta, mai shan dizal, yana ta ruri.

"Fasto, tashi ka karɓi matarka, an sallamo ta daga asibiti," in ji Hammadu da ya hango girandar a hannuna.

Habila ya ce, "Ita dai tana aiki. Kai me kake yi in ban da yi wa ƙarfe kwalliya?"

"Ni na taɓa kora saniya arba'in."

"Ina suke?"

"Suna inda gashin kanka ya tafi."

Malam Ya'u yana tare da baƙo, wani Alhaji da ya zo duba ƙofa. Ya karɓi injin ya juya shi a hannu, ya miƙa wa baƙon.

"Alhaji, ga mutumin da nake gaya maka. Wannan ba ya ɗaura wa inji tsumma. Duba, kamar yanzu aka ciro shi a kwali."

Alhajin ya tura maɓallin ya ja, ya gyaɗa kai. Ya ce yana da injinan ban ruwa a gonarsa ta Zungur, zai aiko mini. Ya ajiye girandar a benci ya nufi wajen ƙofar da ya zo gani. Wayar Malam Ya'u ta yi ƙara, ya juya mini baya, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa saboda rurin injin niƙa.

A nan ne na ce, "Sai dai a riƙa zare shi daga soket, makunnin bai samu ba tukuna."

Na faɗa. Amma da muryar da mutum ke tasbihi na faɗa. Habila yana taku huɗu daga inda nake, yana dariyar wani abu da Hammadu ya ce. Ba wanda ya waiwayo. Na tsaya kamar numfashi biyu ina kallon ƙeyar Malam Ya'u, sannan na ɗaga murya na ce sai an jima, kowa ya ji wannan, suka amsa. Na tare ɗan acaɓa.

Abin da ya faru bayan tafiyata, a barandar asibiti na ji shi da la'asar, daga bakin Malam Ya'u. Habila ya jona injin a soket, ya tura makunni don ya ga ko an kawo wuta, ba a kawo ba, ya ajiye shi a benci ya zagaya bayan shago. Su Malam Ya'u suka dawo daga sallar azahar, Hammadu ya zauna a bakin bencin ya buɗe ledar masa. Sai aka kawo wuta. Injin ya yi tsalle, faifan yankan ya kama wa Hammadu hannun dama. Yatsu biyu sun tafi. Na uku likita ya ce zai zauna amma ba zai sake lanƙwasuwa ba. Kafin wani ya fizge wayar, injin ya faɗo ƙasa ya tsage, maɓallin ya yi nasa wuri, ba a ko gan shi ba. Malam Ya'u ya sa injin a buhu ya cusa ƙarƙashin tarkacen ƙarfe, ya ce ba ya son sake ganinsa.

Habila yana tsaye jikin bango, gaban rigarsa duk jini, domin shi ya rungumo Hammadu cikin keken haya mai ƙafa uku har asibiti.

"Oga, na kashe," ya ce. "Allah ya sani na kashe. Na ja shi baya, na ji ya ce ƙas."

"In ka kashe, aljani ne ya kunna?" Malam Ya'u ya juyo gare ni. "Ga wanda ya gyara shi nan. Injiniya, ba jiya-jiya ka sa sabon makunni ba?"

Sai ga ma'aikata sun turo gadon maras lafiya, muka dare muka ba su hanya. Da suka wuce ina kallon ƙasa. Malam Ya'u ya ɗauki wannan a matsayin amsa, ya ce wa Habila, "Ka ji ko?"

Hukuncin da Malam Ya'u ya yanke ba mai tsanani ba ne a ganin kowa. Ya ce Habila ya je gaban Hammadu ya amsa cewa shi ya bar injin a kunne, ya nemi gafara, washegari ya dawo bakin aikinsa. Kafin nan kada ya taka shagon. Hammadu ma abin da ya nema ke nan. Na ji shi da kunnena ranar da na je dubiya, hannun a naɗe a kan ƙirjinsa.

"Ba yatsu nake nema ba, sun tafi. Mantuwa kowa yana yi. Ya dube ni ya ce shi ne, shi ke nan. Amma ya tsaya yana cewa ya kashe, to ni ne na kunna na yanke kaina?"

Habila ya ƙi. Kullum yana zuwa asibiti da kunu a fulas, ya wanke wa Hammadu kwano, ya riƙe masa buta. Amma da maganar ta taso sai ya ce, "Zan ɗauke ka a baya har Maka in kana so. Abin da ban yi ba ne ba zan ce na yi ba." A rana ta biyar Hammadu ya juya fuska bango, ya ce a gaya wa Habila ya daina kawo kunun.

Magana ta zaga masu walda. Duk inda Habila ya je neman aiki sai a ce, a'a, mai barin inji a kunne? Wani ma ya zo shagon Malam Ya'u yana raɗa cewa anya ba da gangan ba ne, ka san mutanen nan. Malam Ya'u ya ɗauki guntun rodi ya raka shi har bakin titi. Da na ji wannan labarin sai da na rufe shago na koma gida da rana tsaka, na ce wa iyalina zazzaɓi ne.

Mako na zagayowa mai rumfar Wunti ya kira ni, makunnin ya iso daga Jos. Na je na karɓo, na sa a aljihun tebur. Injinan Alhaji ma suka zo daga Zungur, na gyara su, ya yaba.

Ni mutum ne mai son auna abu a zuci, kuma a makonnin nan na auna wannan ta kowace fuska. Na ce ai Habila ma yana da nasa, don me zai bar inji a jone ya tafi? Amma kowane mai walda a garin nan haka yake yi, makunni ake dogara da shi, don haka aka yi shi. Na ce ai Malam Ya'u ne ya matsa mini da gaggawa. Amma bai ce in ɓoye masa komai ba. Na ce in na faɗa yanzu, yatsun ba za su dawo ba, sai dai a rufe shagona a ƙara yawan masu kuka. Wannan hujjar ta fi daɗewa tare da ni, domin tana kama da hankali. Kullum in na idar da sallah sai in sake gina ta daga tushe, kafin in kai ƙofar masallaci ta rushe.

A mako na huɗu wata mata ta tsaya a bakin shagona, doguwa, da ɗankwali ɗaure tamau da jakar hannu a hammata.

"Sannu da aiki, Malam. Ni ce Paulina, matar Habila."

Na ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Shekara goma sha shida ina tare da mutumin nan. Fitila ba ya bari a kunne. Rediyo in ya gama ji sai ya cire batir. Har faɗa muke yi a kan haka. In ya ce ya kashe, ya kashe. Ni ban san inji ba, amma na ce ko wani abu ne a ciki. Ka je ka buɗe shi ka duba mana."

"Madam, injin yana hannun Malam Ya'u."

"Na je wurinsa. Ya ce in kai ka ce a buɗe, a buɗe. Ya ce kai ne ka san cikinsa."

"Ya riga ya farfashe. Ko an buɗe ba lalle a gane komai ba."

"To a buɗe a kasa ganewa mana. Me za a rasa?"

Na ɗauki wata fanka na fara kwance ta, fankar da na riga na gama gyarawa. Na ce aiki ya yi mini yawa a kwanakin nan, amma zan duba lokaci. Ta tsaya tana kallon hannuwana.

"Allah ya ba da lokacin," ta ce, ta tafi.

Bayan ita da mako uku sai ga Habila da kansa, yana tura kekensa. Ya rame, kuma ya bar gemu ya fito masa fari-fari. Ya zauna a kan bencin ƙofa, muka gaisa, yana murza babban yatsansa da ɗan manuni.

"Injiniya, tambaya na zo yi. Kai ka karanta abin nan. Makunni yana iya kunna kansa? Ko da sau ɗaya a dubu?"

Na ce, "Lafiyayyen makunni ba ya kunna kansa."

Wannan ma gaskiya ce. Da za a kai ni gaban kowane alƙali zan maimaita ta.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka na yi tsammani." Ya dubi yatsan nasa. "Da ina jin ƙarar a kunnena, ƙas. Yanzu in na tuna sai in ji sau ɗaya kawai ya yi, ba sau biyu ba. Wata rana in ji biyu. Ka san har gida na fara komawa daga hanya in duba ko na kulle ƙofa? Jiya sau uku na koma. Paulina ta ce in je a yi mini addu'a." Ya yi 'yar dariya. "Wataƙila tsufa ne. Wataƙila ni ne ɗin, na bar bawan Allah wata biyu yana jira."

Ya miƙe ya kama kekensa. Ya ce ya aika wa Malam Ya'u, ranar Asabar da hantsi zai je gidan Hammadu ya faɗi abin da ake so ya faɗa.

Yatsun Hammadu, ina iya cewa tsautsayi ne ya biyo ta hannuna. Aikin Habila, ina iya cewa taurin kansa ne ya taimaka. Amma mutumin da ya zo yana tambayata ko ya yarda da abin da hannunsa ya yi, na sallame shi yana zargin hankalinsa, wannan ban sami wanda zan raba shi da shi ba.

Ranar Asabar rana na fitowa na hau keken haya zuwa Yelwa. Sai da na yi tambaya sau biyu kafin a nuna mini gidan. Na same shi a tsakar gida yana goge takalmi, Paulina tana shanya wanki. Ban zauna ba. Na faɗa musu komai a tsaye: kasuwar Wunti, wayoyin da na haɗa, salatif ɗin da na mayar, maɓallin da ba ya riƙe da komai, da abin da na ce a bayan Malam Ya'u da irin muryar da na faɗe shi. Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni kamar ranar ba.

Paulina ta saki rigar da ke hannunta cikin bokiti.

"Ranar da na zo shagonka ka sani?"

"Na sani."

"Kana kwance fanka."

 Habila ya ajiye burushin takalmin, ya ɗaga babban yatsansa yana kallo, ya tura shi gaba a iska, ya ja shi baya.

"To na kashe ke nan," ya ce.

"Ka kashe."

Ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa suka yi ta rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ban kuma isa in tambaya ba.

Paulina ta ɗauro ɗankwali. "Tashi mu tafi. Ka faɗa a gabansu kamar yadda ka faɗa a nan, da babbar murya. A tono buhun nan a buɗe."

Na ce na yarda, abin da ya kawo ni ke nan.

Habila ya sauke hannuwansa, ya ɗauki takalmin ya sa ƙafa ɗaya, ya ɗaure igiya, ya sa ɗayar.

"Ba zai ce komai ba," ya ce.

Paulina ta ce, "Baban Rahila, me kake cewa?"

"Kin san Hammadu kuwa? Bafillace ne. Wata rana ya zarge ni da ɓatar masa da burushin fenti, daga baya ya gan shi a cikin buhunsa. Kwana tara bai iya haɗa ido da ni ba. A kan burushi. Yanzu a ce masa wata biyu ya juya mini baya a banza, ya mai da mini kunu, ya sa an hana ni aiki? Wallahi gobe da asuba zai kwashe iyalinsa ya koma daji, ba zan sake ganinsa ba. Da wane hannu zai yi kiwo?"

"Sunanka fa? Duk gari ana ce maka mai barin inji a kunne."

"In na koma aiki wata uku sun manta. Masu walda ne, wani zai ƙona wani abu su koma kansa."

"Shi kuma wannan ya tafi haka nan? Ya ci gaba da zama Injiniya?"

Habila ya dube ni a karon farko tun da na gama magana. Ba fushi na gani a idonsa ba. Da fushin ne da na fi samun sauƙi.

"Zai zo tare da mu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ji."

Na ce, "Habila, ka bar ni in faɗa. Haƙƙinka ne."

"In haƙƙina ne, ni zan ce yadda za a yi da shi. Ka yi wata biyu kana shiru don kanka. Yau ka yi don wani."

Keke ɗaya muka shiga mu uku. Har muka isa Ɗan Iya mai keken yana ta ƙorafin ramukan hanya. Paulina ta matsa can gefe don kada ko zanenta ya taɓa ni.

Gidan Hammadu yana bayan shagon da layi biyu. An shimfiɗa tabarma a zaure. Malam Ya'u yana zaune da wasu dattawa biyu na unguwa. Hammadu yana jingine da bango, ya sa hannun daman a cikin aljihun riga. Paulina ta wuce cikin gida wurin matan. Malam Ya'u ya gan ni ya ce, "A'a, Injiniya, har da kai? Madalla, shigo ka zauna." Na ce nan ma ya isa, na tsaya a bakin ƙofa.

Habila ya cire takalmin da ya goge, ya shiga, ya durƙusa a gaban Hammadu. Hammadu yana kallon tabarma.

"Hammadu."

Hammadu bai ɗago ba.

"Kai, Bafillace, da kai nake."

Hammadu ya ɗago.

Habila ya ce, da murya sarai yadda har na waje zai ji, "Ni na bar injin a kunne. Na yi mantuwa, kuma na yi taurin kai a kanta. Ka yafe mini."

Hammadu ya dube shi. Sannan ya ja jiki gefe, ya buga tabarmar da hannun hagu a inda ya matsa.

"Zauna, Fasto. Gemun nan bai yi maka kyau ba."

Habila ya zauna.